Abin da Zanen Gini Ba Ya Nunawa

A zamanin zane da hannu, har ma bayan fitowar AutoCAD a 1982, kowace takardar zanen gini zaman kanta take yi. Mai zane zai ja layin bango a taswirar bene, ya sake jan sa a zanen fuskar gini. In ya gyara ɗaya ya manta da ɗaya, sai takardun su saɓa wa juna. Manhajar Revit, wadda aka fara fitarwa a 2000, kamfanin Autodesk kuma ya saye ta a 2002, ta zo da wani tsari dabam. Gini ɗaya ake tayarwa cikin kwamfuta, da bangonsa da ƙofofinsa da bututunsa, sai kowane zane ya zama mahanga kawai, wato wurin da aka tsaya ana kallon ginin. Wanda ya share ƙofa a mahanga guda ya share ta a ko'ina.

Sai dai ba wanda yake buƙatar ganin komai. Magini yana neman kaurin bango da awon ɗakuna. Mai aikin lantarki yana son soket da fitilu su fito fili, bangon kuma ya dusashe. Mai gida kuwa kujeru da gadaje yake son gani. Saboda haka babban rabon aikin mai zane ya koma zaɓen abin da zai bayyana ga wane, da kaurin layi da launin da zai bayyana da shi.

Revit ta jera wannan iko hawa-hawa. A ƙasa akwai salon da ya shafi aikin baki ɗaya: misali, duk bangon da aka yanka ya fito da layi mai kauri. A samansa akwai akwatin da haruffan VG ke buɗewa, inda ake kashe rukuni sukutum, kamar kayan ɗaki, a mahanga guda. Sama da wannan akwai rariya, wadda ke tace abubuwa bisa sharaɗi: duk ƙofar da ke jure wuta ta fito da ja. Sannan akwai gyaran hannu a kan abu ɗaya tak, wanda ya rinjayi duk waɗannan. Shi ne mafi sauƙi, shi ne kuma mafi haɗari.

Haɗarin yana cikin bambancin ɓoyewa da sharewa. A ce matashin mai zane, ana gobe miƙa aiki, ya ga wani ginshiƙi ya cunkushe masa taswira, sai ya ɓoye shi. Ginshiƙin yana nan cikin ginin, jadawalin ƙididdiga zai ƙirga shi, takardar injiniya za ta nuna shi. Amma takardar da ta isa hannun mai aikin famfo ba ta ɗauke da shi, don haka zai tsara bututunsa ta wurin da kankare zai tsaya. Ba a yi masa ƙarya ba, ba a kuma gaya masa gaskiya ba.

Wani lokaci ma ba hannun kowa a ɓatan abu. Taswirar bene yanka ce da ake yi wa gini a kwance, galibi a tsayin milimita 1200 daga daɓe. Tagar banɗaki da ke sama da wannan tsayi ba za ta huda bango a taswirar ba, sai an ware wa wurin tsayin yanka na musamman.

Shi ya sa ofisoshi masu tsari suke ɗora mahangoginsu a kan samfurin mahanga, wanda ke kulle ƙa'idodin gani wuri guda. A gyara shi sau ɗaya, takardu hamsin su bi. Ƙa'ida tana da suna, wanda ya gaji aikin zai iya karanta ta ya gane dalili. Gyaran hannu ba ya barin bayani, sai dai a latsa alamar ƙwan fitila da ke ƙasan allo, ɓoyayyun abubuwa su bayyana. Mai son kawar da abu na ɗan lokaci kuwa, alamar tabarau ta ishe shi, domin ɓoyewarta ba ta shafar abin da za a buga.

Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma a filin gini takarda ake gani. Magini ba ya buɗe kwamfuta. Abin da ba ya kan takarda, a wurinsa babu shi. Duk layin da mai zane ya kashe amana ce a wuyansa, kuma ya kamata ya iya faɗin dalilin kashe shi tun kafin a zuba kankare.