Littafi Ba Ya Sabuntuwa

Aikina rubuta manhaja ne. A sana'armu ba a cewa an gama: yau ka saki manhaja, gobe ka tura gyara, wayoyin mutane su sabunta da kansu. Littafi kuwa zarar bunu ne, in ya fita daga maɗaba'a ya fita ke nan.

Tun 2016 nake ajiye tunanina a waya: rasuwar Baba, zaman haya a Legas, daren da aka haifi 'yata. Da na zo haɗa su, sai na ga saurayin da ya fara rubutun yana da zafin kai, yana faɗin abin da yau ba zan faɗa ba. In gyara masa baki, ko in ƙyale shi?

Na mayar masa da ƙ da ɗ da ɓ da tsohuwar wayata ba ta da su. Ra'ayinsa kuwa na bar masa, da kwanan wata a ƙasa.

Babi ɗaya na cire, na rabon gado. Inna tana raye, kuma labarin ba nawa ne ni kaɗai ba.