Furar Shekarar Fari

A ƙasarmu ta Babban Mutum, da sauran garuruwan Baure har zuwa Zango, akwai wata magana da tsofaffi kan yi idan hira ta biyo ta kan shekarun wuya, wai ba su taɓa shan fura mai daɗin ta geron shekarar fari ba. Wasu farin 1973 suke nufi, wasu kuma na 1984, wanda 'yan uwanmu na tsallaken iyaka ke kira El-Buhari. Samari kan yi dariya su ce ai yunwa ce ta yi aikinta. Mu da ba mu riski farin farko ba, na biyun kuma bai same mu da wayo ba, muna ganin tsofaffin nan gaskiya suka faɗa, sai dai ba fari ne ya kawo daɗin ba.

Mai karatu ya yi mana haƙuri mu leƙa Faransa, domin can ma ana yin irin wannan magana. A yankin Shamfen ana noman inabi ana yin wata giya mai kumfa da tsadar gaske. Abin sha ne da addininmu ya haramta, don haka noman kawai muke dubawa. A shekarar 2003, sanyi mai daskarar da raɓa ya ƙone tohon inabinsu a watan Afrilu, sannan zafin da ya hallaka dubban mutane a Turai ya biyo baya a watan Agusta, har aka fara tsinka a cikin watan, tsinkar da rabon a yi ta da wuri haka tun 1822. Kamfanoni da yawa suka ƙi buga sunan shekarar a jikin kwalabensu. Amma Dom Pérignon ya fitar da nasa, masana harkar kuma suka yaba. To me ya faru? Dokarsu ta ce da hannu ake tsinkar inabin, saboda haka mai tsinka yana iya ɗaukar nagari ya bar lalatacce. Bayan wannan, al'adarsu ce su ajiye wani kaso na shekarar albarka domin su gauraya da na shekarar tsiya. Wato dai su ma suna da rumbu.

Mu dawo gida. A shekarar da damina ta yi kyau, manomi yanka kawai yake yi yana ɗaure dami, ba ya tsayawa duban kowace zangarniya. A shekarar fari kuwa, yawancin geron bai cika ido ba, tsabar ta tsumbure, wani ma kan ya fito babu komai sai gashi. Sai maigida ya bi gona kara bayan kara, yana ware 'yan zangarniyoyin da suka jure suka cika, galibi waɗanda ke kwari ko gindin gawo. Matar gida kuma, da ta san mudun nan ba shi da na biyu, ta sussuka a hankali, ta sheƙe, ta surfa, ta wanke tas, ta daka da citta da kanumfari kamar mai yi wa sarki. Ko shakka babu furar da ta bi ta waɗannan hannaye za ta yi daɗi. Shi fari, abin da ya iya kawai shi ne kashe shuka. Nan ne muke saɓawa da wasu 'yan uwa marubuta da ke cewa talauci ne ke wasa alƙalami. Mu a aji mun fi ganin yaran da talauci ya raba da alƙalamin.

Amma akwai wani gefe na labarin da ba a cika faɗa a dandali ba. Waɗannan zaɓaɓɓun zangarniyoyi ba don fura aka ware su ba. Iri ne. Su ake ɗaurewa daban a rataye a ɗaki ko a ɓoye a ƙuryar rumbu, a gargaɗi yara kada su kuskura su taɓa, domin geron da ya cika da ɗan ruwan da aka samu shi ya fi dacewa da ƙasar. Mutumin Shamfen idan shekara ta ɓaci, itacen inabinsa na nan, baɗi zai sake toho. Namu manomin kuwa baɗinsa duka tana cikin damin nan guda.

Idan bazara ta yi nisa, rumbu ya ƙare, an sayar da akuya, an ci tafasa da zogale har an gaji, ga yaro na kuka cikin dare, sai maigida ya miƙe ba tare da ya ce uffan ba ya kwance damin irin. Furar da aka dama da shi ita ce wadda tsofaffi ke tunawa, kuma dole ta fi kowace, tunda da mafi kyawun geron gidan aka yi ta. Da ruwan shuka ya sauka, sai ka ga maigidan nan da ƙwarya a hannu yana bin gidajen dangi yana neman rancen iri, a biya da kaka.