Ƙwai huɗu a kan tsakuwa

A ƙasashen Amurka da Kanada akwai wata tsuntsuwa da ake kira kildiya, sunan da ta samo daga kukanta. Dangin zakaran ƙeƙuwa ce, wanda muka sani a bakin tabkunanmu. Al'amarinta yana ba ni mamaki, domin ba ta hawa itace ta yi sheƙa. Fili take so, inda ciyawa ba ta yi tsawo ba: makiyaya, gefen hanya, wurin ajiye motoci, har bisa rufin gini in an zuba masa tsakuwa. Namijin ya tona ɗan gurbi da ƙafa, macen ta saka ƙwai, galibi huɗu, masu ɗigo-ɗigo kamar tsakuwar da suke kai. Su biyu suke karɓa-karɓar kwanci, kwana 22 zuwa 28. In rana ta ƙwalle, sukan jiƙo gashin cikinsu su sanyaya ƙwan.

Idan kare ko yanyawa suka matso, sai ta bar gurbin tana jan fiffike kamar karyayye, tana kuka, har ta janye maƙiyi nesa, sannan ta tashi lafiya lau. Saniya kuwa ba ta kula da wannan dabara, don haka takan bubbuɗe gashi ta tasar mata har ta kauce.

To, amma tayar mota ba ta ganin karyayyen fiffike. A watan Yuni na 2018, a Otawa, babban birnin Kanada, ma'aikata na shirin kafa dandalin bikin kiɗa na Bluesfest suka tarar da kildiya kwance kan ƙwai huɗu. Dokar ƙasar ta hana taɓa gurbin tsuntsaye masu ƙaura. Aka kewaye wurin, aka sa mai gadi, aka jira izinin gwamnati, sannan aka gusar da gurbin sannu a hankali, uwar tana biye.

Wannan shi ya fi tsaya mini a rai, jama'a. An ajiye aikin kuɗi mai yawa saboda wadda ba ta da goron bayarwa, ba ta da ɗan'uwa a biro. Ni a ganina, ƙarfin doka ba a kan mai ƙarfi ake auna shi ba, a kan marar gata ne. Ku da ke riƙe da hatimi, da ku da manyan motocinku ke cike da kaya, sau nawa talaka yakan samu irin wannan jira daga gare ku?