Ƙasar da Tsafi Yake da Kanti da Gidan Tarihi

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san Ingila da abu biyu, mulkin mallaka da ilimin boko. Turawan can ne suka kawo mana jirgin ƙasa da asibiti, kuma su ne suka cika littattafansu da labarin borinmu da layunmu. Shi ya sa abin da idona ya gane mini a tsakiyar birnin Landan ya tsaya mini a rai. Kusa da ƙofar babban gidan tarihin Birtaniya, a wani ɗan titi mai suna Museum Street, akwai kantin littattafai da ake kira Atlantis. Tun 1922 hajarsa ɗaya ce: littattafan sihiri, ilimin taurari, duba, da kayan aikinsu. Can wajen Cecil Court kuma akwai Watkins, wanda ya girme shi, ya haura shekara 120 yana wannan sana'a. Ƙofa a buɗe take, fitila a kunne, kowane kaya da farashinsa a jiki. Ga kyandir kala-kala, ga turaren wuta, ga ƙwallon gilashi, ga duwatsu masu sheƙi. Masu saye kuwa mutane ne kamilai, wasu da kwat da jakar ofis, wasu ɗalibai da jakar goyo. Babu mai sunkuyar da kai, babu mai waiwaye kafin ya shiga.

Wani ƙanena da ke karatu a can shi ne ɗan rakiyata. Da ya ga na yi tsaye ina kallo, sai ya ce, “Yaya, ai wannan kaɗan ka gani. Mu shiga gidan tarihin tukuna.”

A cikin gidan tarihin, a wani akwatin gilashi, na ga madubin John Dee. Baƙin dutse ne da aka goge har yana ɗaukar ido, irin wanda dutse mai aman wuta ke fitarwa, kuma asalinsa daga Meziko yake. Dee gwanin lissafi ne, mashawarcin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, kuma shi ya duba taurari ya zaɓar mata ranar naɗin sarauta a 1559. Wannan mutum da matuƙan jiragen ruwa ke neman shawararsa kan taswira, shi ne kuma ya ƙarar da shekaru yana neman ganawa da mala'iku. Abokin aikinsa Edward Kelley ne ke ƙura wa dutse ido yana faɗin abin da ya ce yana gani, Dee na rubutawa. Tare da madubin akwai fayafayan kakin zuma da aka zana wa taurari da sunaye. A zamanin Dee, lissafi da sihiri ɗaki ɗaya suke kwana.

Da muka koma kantunan, tsofaffin littattafan sihirin Turawa ne suka fi riƙe ni, domin cikinsu na tarar da abin da na sani tun ina yaro. Na buɗe sabon bugun littafin Cornelius Agrippa, wani malamin Jamus da ya fitar da shi a 1533, sai ga hatimi mai gida tara, wanda duk ta inda ka haɗa lambobinsa 15 za su ba ka. Hatimin nan ne dai da malaman zaure ke zanawa a allo. Agrippa ya ba kowane tauraro nasa, daga Zuhalu mai gida uku-uku har wata mai gida tara-tara. A wani kantin kuma na ga littafin bugun ƙasa, da gidajensa 16 cif, ɗigo ɗaya ko biyu a kowane layi. Turawa sun same shi ne daga fassarar littattafan Larabci da aka yi a ƙasar Sifen a ƙarni na 12. Littafin da suke kira Picatrix, wanda masu sihirin Turai suka daɗe suna ji da shi, shi ne Gayatul Hakim da aka rubuta da Larabci a Andalus, aka fassara a fadar Sarki Alfonso na Goma a 1256. Wannan ilimi ya bi hanya biyu, wata ta haura Turai, wata ta ratsa Sahara. Mu ma muna da gwani a fagen: Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rubuta littafi kan hanyoyin tsara hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Masana tarihin lissafi suna ambatonsa har yau.

Akwai kuma littafin da suke kira Mabuɗin Sulaiman, cike da da'irori da sunayen aljanu da lokutan kiransu. Masu bincike sun tabbatar cewa a Turai aka harhaɗa shi, ƙarnuka masu yawa bayan Annabi Sulaiman. Raina ya sosu da ganin sunan Annabin Allah a bangon irin wannan littafi, alhali Alƙur'ani ya wanke shi daga sihiri a Suratul Baƙara. Dabarar tsohuwa ce: mai rubutu ya jingina aikinsa ga babban suna don ya sami karɓuwa.

Hajar da ta fi kowace tafiya a kantunan nan ita ce katin tarot. Kanta guda cur aka ware masa, zane iri-iri. Ban bari an duba mini ba, domin addinina ya hana, amma wata dattijiya mai wannan sana'a da na haɗu da ita ta yarda ta baje katin a tebur ta yi mini bayani. Guda 78 ne. Ashirin da biyu su ne manya, kowanne da lamba da hoto. Sauran 56 sun kasu gida huɗu: kofuna, takubba, sanduna da tsabar kuɗi. Kofuna na magana kan soyayya da abin da ke zuci, takubba kan tunani da rikici, sanduna kan himma da aiki, kuɗi kuma kan dukiya da lafiyar jiki.

Ta fara da Wawa, mai lamba sifili: saurayi ne da ƙunshin kaya a sanda, yana kallon sama, ƙafarsa a bakin rami, ɗan farin kare na biye da shi. Ma'anarsa sabuwar tafiya da mutum zai shiga ba tare da sanin ƙarshenta ba. Na 13 shi ne Mutuwa, ƙwarangwal cikin sulke a kan farin doki, sarki na kwance a ƙasa. Ta ce mutane na firgita idan ya fito, alhali a wurin masu duba yana nufin ƙarewar wani babi ne, kamar aure ko aiki ko zama a wani gari. Wanda ya fi tayar musu da hankali shi ne na 16, Hasumiya: tsawa ta faɗa kan dogon gini, wuta na fita ta tagogi, mutum biyu na faɗowa ƙasa. Wannan rushewar abin da aka gina kan ƙarya ne, farat ɗaya. Cikin ƙananan, wanda ya zauna mini a ido shi ne takubba uku da suka huda zuciya ana ruwan sama. Ko ba a yi maka bayani ba ka san baƙin ciki ake nufi. Idan kati ya fito a kife, ma'anarsa kan juya ko ta raunana. Wani lokaci uku ake jerawa, jiya da yau da gobe, wani lokaci goma.

Tarihin katin ya fi ma'anoninsa ban mamaki. Karta ta shiga Turai a wajajen 1370 daga daular Mamluk ta Masar, kuma a gidan tarihin Topkapi da ke Istanbul akwai tsohuwar kartar Mamluk mai kofuna da takubba da tsabar kuɗi da sandunan wasan folo. A wajajen 1440 masu mulki a arewacin Italiya suka ƙara mata katuna masu hoto, aka sami tarot. Fiye da shekara 300 wasa kawai ake yi da shi, kuma har gobe Faransawa na buga shi a matsayin karta. Sai a 1781 wani Bafaranshe, Antoine Court de Gébelin, ya rubuta cewa katin littafin asirin limaman tsohuwar Masar ne. Ba shi da hujja, kuma a lokacin babu wanda ya iya karanta rubutun Fir'aunoni, amma maganar ta karɓu. Zanen da aka fi amfani da shi a duniya yanzu a Landan ya fito a 1909. Arthur Waite ya tsara, wata mai zane Pamela Colman Smith ta zana duka 78 da hannunta. Ta rasu a 1951 a garin Bude cikin talauci, zanenta kuwa ana ta buga shi har yau.

Na tambayi dattijiyar ko su wa ke zuwa wurinta. Ta ce masu neman aure, waɗanda aka sallama daga aiki, waɗanda suka yi rashi, da masu zaman kaɗaici da ba su da wanda zai saurare su na awa guda. Ta ce da yawansu sun riga sun san amsar, bakin da zai furta musu ita suke nema. Wannan magana ta nuna mini cewa wutar lantarkin da ba ta ɗaukewa da albashi mai tsoka ba sa raba ɗan Adam da fargabar gobe.

Masu kiran kansu mayu a can ba kurwa suke kamawa ba. Addini ne gare su, sunansa Wicca. Wani tsohon ma'aikacin mulkin mallaka a Malaya, Gerald Gardner, shi ya bayyana shi a littafinsa na 1954, shekara uku bayan soke dokar maita. Suna bauta wa allahiya mace da abokinta namiji, suna taruwa idan wata ya cika, suna zana da'ira su kira kusurwoyin duniya huɗu, suna da bukukuwa takwas a shekara masu bin sauyin yanayi. Gardner ya ce tsohon addinin Turai ne da ya tsira a ɓoye, amma Farfesa Ronald Hutton na Jami'ar Bristol ya bi diddigi a littafinsa na 1999, ya nuna cewa sabon haɗi ne na ƙarni na 20. A ƙidayar 2021 ta Ingila da Wales, kimanin mutum 74,000 suka rubuta cewa su maguzawa ne, wasu 13,000 kuma suka rubuta Wicca. Har a gidajen yari akwai limamansu masu ziyartar fursunoni.

Daga Landan muka yi yamma zuwa Cornwall, inda ƙasar ke tsukewa ta shige teku. A Boscastle, wani ƙauyen masunta da ke matse tsakanin duwatsu, gidan tarihin maita da sihiri yake. Cecil Williamson ya kawo shi nan a 1960, kuma gidan ya tsira daga ambaliyar da ta ratsa ƙauyen ranar 16 ga Agusta 2004. Kayan ciki sun haura 3,000. Akwai kwalaben da ake cika wa da ƙusoshi da allurai da gashi da fitsari a binne a ƙarƙashin murhu don mayar da sammu kan mai shi. Akwai 'yan tsana da aka soke da allura. Akwai igiya mai ƙulli uku da ake sayar wa matuƙan jirgi: ka kwance na farko ka sami iska mai laushi, na biyu mai ƙarfi, na uku guguwa. Kakannin Turawan da suka yi mana kallon masu camfi ne suka yi wannan duka.

Sashen shari'ar mayu shi ne ya sa jikina ya yi sanyi. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa tsakanin mutum 40,000 da 60,000 aka kashe a Turai bisa zargin maita, yawancinsu mata. A Ingila kimanin 500 ne, ta hanyar rataya. A shari'ar Pendle ta 1612, yarinya 'yar shekara tara aka tsayar a kotu ta ba da shaida kan mahaifiyarta, aka rataye mutum goma. A 1645 Matthew Hopkins ya mayar da farautar mayu sana'a, garuruwa na biyansa. Yakan hana wadda ake zargi barci har ta amsa abin da ba ta yi ba, ko a ɗaure ta a jefa a ruwa: in ta taso mayya ce, in ta nutse ta kuɓuta daga zargi. A Exeter, kan hanyarmu, akwai allo a bangon tsohuwar ganuwa mai ɗauke da sunayen matan Bideford uku da aka rataye a 1682. Talakawa ne, marasa gata. A 1735 majalisa ta canza doka: aka daina hukunta mutum don an ce maye ne, aka koma hukunta mai da'awar yana da irin wannan iko, a matsayin ɗan damfara. A 2022 shugabar gwamnatin Sikotilan, Nicola Sturgeon, ta fito ta nemi gafara a madadin ƙasarta kan dubban da aka zalunta.

Na baro Ingila da yaƙinin da na je da shi, cewa gaibu sai Allah. Takardar da aka zana don wasan sarakunan Italiya ba ta san gobena ba, haka ma hatimi da yashi. Amma dokar 1735 ta ba ni abin tunani. Mutanen Ingila ba su daina camfi a shekarar ba, ga shi har yau suna yi. Abin da suka daina shi ne barin tsoro ya yanke wa mutum hukuncin kisa. Mu kuwa har yanzu akan ji an taru a kan wata tsohuwa saboda yaro ya yi zazzaɓi ya ambaci sunanta cikin magagi, a tilasta ta tsallaka shi, a yi mata duka, wani lokaci a raba ta da ranta. Shari'armu ta ɗora wa mai tuhuma nauyin kawo hujja, kuma sambatun mai zazzaɓi ba hujja ba ne. Yaron asibiti yake buƙata, tsohuwar kuma tana da haƙƙin maƙwabtaka a kanmu. Mai unguwa da limamin da suka tsaya a ƙofarta suka hana a taɓa ta, su ne za su raba jikokinmu da ranar da za su rubuta sunanta a bango suna neman gafara.