Wa ya ga wutar da ta ratsa sama?

A ƙasar Guna, lokacin bazara, mutane a tsakar gida suke kwana. Wanda bai yi barci da wuri ba yakan ga tauraro ya tsinke, ya ja zare, ya ɓace. Wannan kowa ya saba da shi. Amma jefi-jefi wata babbar wuta takan ratsa sama, ta haske gari har mutum ya ga inuwarsa. Karnuka su yi ta haushi, tsofaffi su yi salati. Can kuma sai a ji ruri kamar aradu, alhali babu hadari.

Abin nan ba tauraro ba ne. Dutse ne da ya daɗe yana kewaya rana, har ya gamu da duniyarmu. Yana shigowa da gudun da ya wuce kilomita 11 a sakan ɗaya, sai iska ta tare shi, ya yi zafi, ya kama haske. Yawancinsu a sama suke ƙonewa. Kaɗan ne suke isowa ƙasa, da baƙin ɓawo a jikinsu kamar gindin tukunya.

Da gari ya waye, a bakin rijiya, kowa sai ya ce: «Bayan kukar can ta faɗi!» A je bayan kuka, ba a ga kome ba. Ido ne ya ruɗi mutum. Wutar tana can sama ƙwarai, watakila tsakaninta da garin ya fi kilomita 100. Shi ya sa shaidar mutum ɗaya ba ta isa.

Mai tara labari yakan ɗauki kaye da alƙalami, ya bi mutane ɗaya-ɗaya. Ba ya haɗa su wuri guda, don kada wani ya ari bakin wani. Yakan kai mutum inda ya tsaya a daren, ya ce: «Baba, nuna mini da hannu inda ta fito da inda ta mutu.» Ya tambayi lokaci: kafin lisha ne ko bayanta? Tambayar da ta fi wuya ita ce ta ƙara. Haske nan take yake isowa, amma ƙara tana cin sakan 3 kafin ta yi kilomita ɗaya. In wata inna ta ce sai da ta ɗauki jikanta ta kai shi ɗaki, ta fito, sannan ta ji rurin, to, ta ba da awo mai amfani. Ta fi wanda ya ce ya ga kome amma ya ƙara gishiri.

Daga nan sai taswira. In mutumin Guna ya nuna kudu, na Matamai ya nuna kudu maso gabas, sai a ja layi biyu. Inda suka gamu, nan ake soma nema. Can wajen ma, a Maigatari, bakin iyaka, irin wannan dutse ya faɗo a shekarar 2004.

A da, masana da yawa a Turai ba su yarda dutse yana faɗowa daga sama ba. Cewa suke yi tatsuniyar ƙauyawa ce. Ran 26 ga Afrilu 1803, duwatsu wajen 3000 suka zubo kusa da garin L'Aigle, a Faransa. Aka aiki wani masani, Jean-Baptiste Biot. Ya bi ƙauyuka yana tambayar manoma, maza da mata. Ya ga mutanen da ba su san juna ba suna faɗin abu ɗaya, ga kuma duwatsun a hannunsu. Bayan rahotonsa gardama ta kwanta.

A ƙasar Hausa ma an yi. Ran 3 ga Oktoba 1962, a Zagami ta ƙasar Katsina, wani manomi yana gonarsa, dutse mai kilo 18 ya faɗi kusa da shi, ya nutse cikin ƙasa. Bayan shekaru, masana suka gane daga duniyar Mars ya fito. Har yau Zagami ake kiransa, domin da sunan wurin da aka same shi ake raɗa wa irin dutsen nan suna. Akwai mai suna Dosso, akwai Tillaberi, akwai Zinder.

Wani kuwa, mai kusan kilo 25, shi ma daga Mars, an tsince shi a jihar Agadas a 2023. Ba wanda ya ga faɗuwarsa, kuma bai sami sunan gari ba, sai lamba: NWA 16788. A Yuli 2025 aka sayar da shi a birnin New York, a Amurka, kan kuɗi fiye da dala miliyan 5. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike don ta san yadda aka fitar da shi daga ƙasa.