Mamana, ki bar Zulai ta warke a hankali

Ƙofar Guga,
Katsina.

Mamana,

Ina fata kina lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai a Zariya. Ummanki da ƙannenki duk suna gaishe ki.

Bayan haka, labarin da kika aiko ya iso, wanda kike son shiga gasar Hikayata da shi. Tun da BBC Hausa ta buɗe gasar nan ta mata a 2016 nake fatan ganin alƙalaminki a ciki, don haka na karanta shi da idon uba da na malami.

Zulai, jarumar labarin, ta kama ni ƙwarai. Wurin da take sa wa ƙanwarta lalle ranar kamu, mata na guɗa, tana murmushi amma tana matse yatsun amarya har yarinyar ta janye hannu, nan kika yi gwaninta. Haka ma inda ta ƙirga akwatunan lefe a zuci, ta koma ɗaki ta sake ƙirga su. Ba ki ce tana kishi ba, amma duk mai karatu ya gani.

Inda ban gamsu ba shi ne ƙarshe. Ta ji wa'azi a rediyo, ta fashe da kuka, kafin la'asar ta zama wata mutum daban. Mamana, ciwon da ya shekara yana cin zuciya ba ya warkewa da yini guda.

Tatsuniyoyinmu ba su koya mana wannan ba. A tatsuniyar Ruwan Bagaja, wadda Abubakar Imam ya ari sunanta ya sa wa littafinsa na 1934 yana malami a nan Katsina, 'yar Mowa ta bi sawun 'yar Bora don ƙyashi, ta yi rashin kunya a hanya, ta dawo gida da abin kunya. Aka hukunta ta, aka ce ƙurunƙus. Ba wanda ya tambayi halin da zuciyarta ta shiga daga baya.

Ki koma Suratu Yusuf, ki dubi yayyen Annabi Yusuf. Tsakanin ranar da suka jefa shi rijiya da ranar da suka amsa laifinsu akwai shekaru masu yawa, da fari, da zirga-zirga zuwa Masar neman abinci. Kafin su furta tuba, an fara ganin alama: da aka tsare ƙaninsu, babbansu ya ƙi komawa gida don nauyin alkawarin da suka yi wa mahaifinsu. Irin wannan matakin Zulai take buƙata. Ki bar ta ta kare ƙanwarta a gaban masu gulma alhali ranta bai gama sanyi ba. Ki bar ta ta yi tuntuɓe, ta sake tashi. Neman gafara ya zo daga baya, da kalmomi kaɗan.

Saura magana ɗaya, tsakanina da ke. Na lura da yadda kika yi shiru bara da aka yi ta yabon ƙanwarki kan saukar Alƙur'ani, na kuma gane inda Zulai ta samo wasu halayenta. Kada ki ji kunya. Ana cewa hassada ga mai rabo taki ce, amma ni mai hassadar nake tausaya wa, don ita ke kwana ba barci. Ke kuwa kin dubi abin da ke ranki har kika iya rubuta shi, kuma wannan ya ƙara miki girma a idona. Rabonki daban, nata daban, matsayinki a zuciyata kuma babu mai taɓa shi.

Ki gyara shafin ƙarshen ba tare da gaggawa ba. In kin zo hutu, ƙanwarki za ki fara karanta wa kafin ni. Allah Ya yi miki albarka, Ya sa wa alƙalaminki albarka.

Naki,
Baba