Milimita biyu a bakin bindigar Kawu

A cikin wasiƙun da na rubuta tun da kuka ba ni aikin sakatare, babu wadda ta yi mini nauyi kamar ta bara da kaka, wadda kwamitin dattawa ya ce in kai wa Kawuna, yayan mahaifiyata, cewa ya ajiye bindigarsa.

Waɗanda suka san shi sun san ba wata babbar bindiga ba ce. Bindigar iska ce, mai jefa 'yar ƙwayar dalma, wadda yake korar tsuntsaye da gafiya da ita a gonarsa ta hanyar Sunkani. Takardarta na nan, domin dokar bindigogi ta 1959 ba ta bar ko bindigar iska babu lasisi ba, kuma Kawu mutum ne mai tsoron hukuma. Abin da ya jawo ƙara shi ne, wata ranar Talata ya auna hasbiya a kan reshe, ƙwayar ta wuce ta sama ta je ta bugi kwanon bukkar maƙwabcinsa na gona, yara biyu suna zaune a ƙarƙashi. Allah ya kiyaye babu wanda ya ji rauni. Amma ƙwayar da ta huda kwano za ta iya fasa ido, saboda haka ban ga laifin maƙwabcin ba da ya kawo maganar gaban ƙungiya.

Kowa a zaman ya ce tsufa ne, idon Kawu ya tafi. Shi ma bai musa ba, kuma wannan ya fi komai damuna. Mutumin da ya koya mini riƙon baka tun ina firamare, sai ga shi ya sunkuyar da kai yana cewa, "To, in lokaci ya yi ai ya yi."

Da na je gidansa da wasiƙar a aljihu, na tarar da bindigar jingine a kusurwa, sai na ga wani abu da ban san ta da shi ba: ɗan zoben ƙarfe mai ƙaramar kafa, an liƙa shi can baya, daidai inda ido yake sauka. Na tambaya. Ashe jikansa ne ya ga irinsa a waya, ya kai bindigar wurin mai walda aka cire tsohon saitin baya mai tsaga, aka sa wannan, don Kawu yana kukan ba ya ganin tsagar sosai. Yaron bai yi wauta ba. Leƙe ta ƙaramar kafa yana taimakon tsohon ido, don abin da ke kusa da na nesa duk suna fitowa tar, kuma ido da kansa yake neman tsakiyar zobe, mai harbi sai ya kula da tsinken gaba kawai. Kuskuren ɗaya ne: an ɗaga baya, an bar gaba yadda yake.

Difloma ta ta safiyo ce, kuma duk wanda ya taɓa leƙa na'urar awon ƙasa zai gane matsalar nan take. Ido, zoben baya, tsinken gaba da abin harbi, dole su hau layi ɗaya. Idan zoben ya fi tsohon saiti tsawo, to sai mutum ya ɗaga bakin bindiga kafin tsinken ya shigo tsakiyar zoben. Shi yana ganin ya saita daidai, alhali bututun yana kallon sama. Komai kyan idonka sama za ka harba.

Daga baya na gano ashe tsohuwar matsala ce a wajen maharban Amurka, masu irin bindigar nan ta finafinan kaboyi da ake ɗanawa da hannu ta ƙasa, kamar Winchester ta 1894 wadda John Browning ya tsara, ko Marlin 336. Tsohuwar Winchester tana tofar da kwanson harsashi ta sama, shi ya sa ɗora mata madubi yake da wuya, mutane da yawa sai su sa mata zoben leƙe na kamfanin Lyman ko Williams. Sau da yawa da zarar sun sa, sai bindigar ta riƙa harbi sama ko da sun sauke zoben har ƙarshe, dole su sayi tsinken gaba mai tsawo. A can tsinken ana sayar da shi tsayi-tsayi, da lamba a jiki. Mu a Jalingo sai maƙeri da magagari.

Washegari da sassafe muka je gonar. Na jingina kwali a jikin wani babban suri, don duk ƙwayar da ta kauce ta shige ƙasa, na auna mita 25 da tef. Na sa Kawu ya ɗora bindigar a kan buhun masara ya harba sau biyar. Duka biyar ɗin suka taru wuri ɗaya, tafin hannu zai rufe su, amma santimita 10 sama da ɗigon da na yi da gawayi. Na ce, "Kawu, makaho ba ya tara harbi haka." Bai ce komai ba, ya dai daɗe yana shafa kwalin da yatsa.

Lissafin ba shi da wuya, ga shi don masu bukata. Ka auna yadda harbin ya kauce, ka ninka da tazarar da ke tsakanin zobe da tsinke, ka raba da nisan abin harbi, duka da ma'auni iri ɗaya. Namu kaucewa milimita 100 ce, tazarar saiti milimita 500, nisa milimita 25,000. Amsa ta fito milimita 2. Abin da ake ƙara wa tsinken gaba ke nan. A nan mutane ke rikicewa, har Kawu sai da ya yi mini gardama: idan bindiga tana harbi sama, tsinken gaba ƙara masa tsawo ake yi, ba ragewa ba, domin dogon tsinke shi ke tilasta maka sauke baki. Saitin baya yana bin inda kake son harbi ya koma, na gaba kuwa akasin haka.

Na ce wa maƙerin ya ƙara milimita 3, da gangan, tunda magagari yana ragewa ne, ba ya mayarwa. Muka koma gona, a goge kaɗan, a harba uku, a duba. A karo na huɗu ƙwayoyin suka cinye ɗigon gawayin.

Ba zan ce muku idon Kawu na saurayi ba ne. Na kai shi asibiti, an ce yana ta fara a idon hagu, na dama kuwa da sauransa. Kuma saiti ko ya gyaru, bai wanke shi daga harba tsuntsu a reshe alhali akwai bukka a bayansa ba, na kuma faɗa masa haka duk da nauyinsa da nake ji. Na kai kwalaye biyun gaban kwamiti, na farko da na ƙarshe. An yi muhawara mai zafi, maƙwabcin ya ce shi ba lissafi ya kawo shi ba, 'ya'yansa ne. Daga ƙarshe aka tsaya a kan cewa Kawu zai riƙe bindigarsa, amma ba zai ƙara harbi ta ɓangaren bukkar ba, ba zai fita da ita ba sai da jikansa, kuma za a sake duba maganar bayan an yi masa aikin ido. Kawu ya biya kuɗin falle ɗaya na kwano, ya kuma je da kansa ya buga shi. Wasiƙar farko tana nan cikin fayil ɗin ƙungiya, ban sa mata hannu ba.